Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin NANTAP: Ina Kayan Dandamali Ke Zuwa Bayan An Tashi Wasa?

Zuwa ga shugabannin ƙungiyar masu sana'ar wasan kwaikwayo ta Najeriya, NANTAP, da furodusoshin da ke shirya manyan wasannin dandamali na kuɗi a Legas da Abuja.

Ranku ya daɗe, assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, da fatan kuna lafiya, ku da iyali da ma'aikatanku.

Ni kafinta ne. Ba ku san sunana ba, kuma ban ga laifinku ba, don sunan irinmu ba ya hawa takardar da ake raba wa 'yan kallo, in ma ya hau to can ƙasa ne, bayan na masu kawo abinci. Amma in kun taɓa zama a zaure kuka ga fadar sarki ta miƙe a kan dandamali, da soraye da zanko da ƙofa mai ado, wataƙila hannuna ko na yarana yana ciki. A Zariya na koyi aiki, sauran shekarun kuma na yi su tsakanin Legas da Abuja. Na rubuto da Hausa ne saboda da ita nake tunani, kuma saboda yaran da ke yi muku lodi da tsakar dare, da waɗanda ke tsintar abin da kuka zubar a bola, da yawansu ita suke ji. Kuna da masu jin ta a rassanku na Arewa, su taimaka su karanta wa sauran.

Abin da ya sa ni ɗaukar alƙalami ya faru ne a wani watan Disamba, lokacin da wasanni ke kankama a Legas. Mun shafe makonni muna gina wata fada domin wani babban wasa mai kiɗa da rawa. An yi kwanaki kaɗan ana nunawa, zaure cike, kowa na yaba ginin. Daren ƙarshe, 'yan kallo ba su gama fita ba sai ga manajan zauren ya zo yana duba agogo. Ya ce kafin asuba yana son wurin fayau, masu ƙawata wurin biki za su shigo da ƙarfe shida. To, abin da aka haɗa da ƙusa da gam ba ya warwaruwa cikin lalama a awa biyar. Sai muka sa guduma. Filawud sabo fil, wanda ko kwarzane babu, muka riƙa faffasa shi muna jefawa a tifa. Na tambayi direba ina za shi da kayan, ya ce bola mana, ina kuma? Abin da na iya tserarwa a daren nan ƙofa ɗaya ce, ita ma sai da na biya mai ɗan kurkura daga aljihuna ya kai mini ita shago.

Ban kawo wannan labari don a ce wane ya yi laifi ba. Furodusan mutumin kirki ne, ya biya mu cas. Manajan zauren ma aikinsa yake yi. Matsalar tana cikin yadda aka tsara sana'ar. Yawancin manyan wasanninmu a zauren haya ake yin su, na otal ko na biki, kuma kuɗin hayar na kwana ne, don haka duk awar da aka ƙara bayan an tashi wasa asara ce a idon mai kuɗi. Furodusa ba shi da sito, domin fili a Legas ba na yaku-bayi ba ne. A takardar kasafi akwai kuɗin gini, akwai na fenti, akwai na mota, amma ban taɓa ganin layin da aka rubuta kuɗin warwarewa da adanawa ba. Zanen dandamalin kuma sau da yawa a makare yake iso mana, ana saura kwana goma ko sha biyu, sai kafinta ya koma wa ƙusa da gam don sun fi sauri, alhali da an ba shi lokaci da sukuru da noti zai ɗaure, a kwance kayan ranar tashi kamar yadda ake kwance gado. Wato tun ranar da aka sa hannu a kasafi aka yanke wa katakon nan hukuncin zuwa bola. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na san akwai masu cewa zancen kare muhalli na Turawa ne, waɗanda suka ƙoshi, mu nan albashin ɗan wasa ma da ƙyar yake fita. Ina da amsa, amma bari in fara faɗin abin da Turawan suka yi, don in an duba za a ga ba wani abin a-zo-a-gani ba ne.

A Ingila, a shekarar 2021, lokacin da annobar korona ta rufe gidajen wasa kowa ya zauna, masu sana'ar suka haɗu suka fitar da wani kundin ƙa'idoji mai suna Theatre Green Book. Kashi uku ne: yadda za a shirya wasa, yadda za a kula da ginin gidan wasa, da yadda za a tafiyar da harkokin yau da kullum. Abin da ya burge ni a ciki shi ne ba wa'azi suka yi ba, lissafi suka kawo. A matakin farko, wanda shi ne mafi sauƙi, ana so kashi 50 cikin ɗari na kayan da aka hau dandamali da su su zama an taɓa amfani da su a wani wuri, sannan bayan an tashi wasa kashi 65 cikin ɗari su sake samun inda za su yi amfani maimakon bola. Shi ke nan. Babban gidan wasan ƙasa da ke Landan ya karɓa yana aiki da shi. Tun kafin nan, a 2012, hukumar da ke raba wa masu fasaha kuɗin gwamnati a Ingila ta sa sharaɗi cewa manyan cibiyoyin da take ɗaukar nauyi su riƙa kawo rahoton wuta da ruwa da sharar da suke fitarwa, tare da taimakon wata ƙungiya mai suna Julie's Bicycle. Da aka ɗaura abin a jikin kuɗi, sai kowa ya koyi ƙirga.

Za ku ce ai waɗancan gwamnati ke ba su, mu kuwa tikiti da masu ɗaukar nauyi ne abincinmu. Gaskiya ne. To ku dubi Broadway, unguwar manyan gidajen wasa a birnin Niyok na Amurka, inda galibi ba a buɗe labule don Allah da Annabi, riba ake nema. A 2008 suka kafa wata ƙungiyar kare muhalli mai suna Broadway Green Alliance. Sun canza ƙwayayen fitilun da ke ƙawata gaban gidajen wasanninsu, sama da 100,000, zuwa masu cin wuta kaɗan. Masu wani wasa a can mai suna Wicked sun lissafa suka ga suna zubar da batir kusan 15,000 a shekara saboda ƙananan makirufon da 'yan wasa ke maƙalawa a jiki, don a al'ada kowane dare sababbi ake sawa, tsoron kada murya ta ɗauke a tsakiyar waƙa. Da suka koma masu caji, batir 96 ya ishe su. Kuma a kowane wasa sukan samu mutum ɗaya daga cikin ma'aikata ko 'yan wasa da zai riƙa sa ido a kan irin waɗannan abubuwa. 'Yan kasuwa ba sa riƙe abin da ke cinye musu uwar kuɗi shekara da shekaru. Tunda suka riƙe, akwai abin da suka gani.

Amsata ga masu cewa zancen na ƙosassu ne ita ce: ai mu muka riga su. Je ka Panteka a Kaduna ka ga yadda ake mai da tsohon ƙarfe murhu da tukunya da injin niƙa. Dubi yaran tashe da azumi, da gemun auduga da tsumma da kwali suke tara unguwa guda. Ƙananan ƙungiyoyin wasa na jami'o'i da na unguwa ba sa zubar da ko ƙusa, talauci ya koya musu. Almubazzarancin yana farawa ne daidai inda kuɗin banki da na kamfanin waya suka shigo, inda ake ganin idan ɗan kallo ya gane kujerar bara to an ci mutuncin furodusa. Na rantse muku, a duk shekarun da na yi ban taɓa jin wanda ya nemi a mai da masa kuɗin tikiti don ya gane wata taga ba. Fenti da haske suna canza wa katako kama fiye da yadda kuke zato, kuma da tsohuwar zuma ake magani.

Saboda haka babbar buƙatata gare ku ita ce rumbu. Wuri ɗaya a Legas, ɗaya a Abuja, mai rufi, wanda ruwa ba ya shiga, inda duk wasan da ya tashi zai kai bangayensa da matakalansa da ƙofofi da kujeru da labulaye da sutura. A sa magatakarda da littafi, ko da waya, ya ɗauki hoton kowane abu da awonsa. Mai sabon wasa ya fara zuwa can kafin ya nufi kasuwar katako. Ya ɗauka haya, a ba mai kayan rabonsa, a bar wa rumbu na gyara da gadi. Furodusa ɗaya ba zai iya riƙe irin wannan wuri ba, shi ya sa na zo ƙofarku, domin aikin ƙungiya ke nan. Kuma ga dama ta samu. Babban gidan wasan ƙasa da ke Iganmu, wanda aka kammala a 1976 aka yi bikin al'adun baƙar fata na duniya, FESTAC, na 1977 a cikinsa, ya sha gyara a hannun kwamitin shugabannin bankuna, an sa masa sunan Farfesa Wole Soyinka a 2024. Fili ne makeke a kewaye da shi. Idan shugabannin NANTAP suka je da murya ɗaya suka roƙi a ware wani lungu domin ajiyar kayan dandamali, ban ga abin kunya a roƙon ba. Gidan wasan da ba shi da wurin ajiya da wurin aikin kafinta, zauren taro ne kawai mai kyan kujeru.

Rumbu ba zai yi amfani ba idan kayan a farfashe za su iso shi. Don haka a sa a cikin yarjejeniyar hayar zaure, da kuma kasafin kowane babban wasa, cewa akwai yinin warwarewa, kuma biyan sa ake yi. A ba mai zane da kafinta lokaci su zauna tun farko su amince a kan awo iri ɗaya. Filawud ƙafa huɗu ne a ƙafa takwas yake zuwa daga kasuwa. Idan aka zana bango a kan wannan awo, babu yanka babu ɓarna, kuma bangon wasan wane zai shiga na wane. Idan kuwa mai zane ya ga dama ya ce ƙafa biyar da rabi yake so, to kowane falle sai an yanka an ƙara, ragowar kuma ta zama shara tun ba a fara wasa ba.

Sai maganar janareta, wadda na san ta fi ci muku tuwo a ƙwarya. Ba mai hankalin da zai dogara da wutar gwamnati a tsakiyar wasa, wannan na yarda. Tun watan Afrilun 2024 ma da aka kai kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wa wuta, naira 225 a kowane yunit, ita kanta ba ta da arha. Man gas kuwa ya daɗe da haura naira 1,000 a lita, kuma kowace lita da aka ƙona tana sakin iskar da ke ɗumama duniya fiye da kilo biyu da rabi, ban da baƙin hayaƙin da mai gadi da mai sayar da ruwa a bakin ƙofa ke shaƙa. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake ƙona shi. Sau nawa na ga an tayar da ƙaton janaretan da aka yi haya domin daren wasa tun ƙarfe tara na safe, saboda mutum shida suna gwaji da fitila huɗu da fanka? Injin gas idan yana aiki da ɗan ƙaramin lodi ba ya ƙone mai da kyau, yana shan mai a banza, yana kuma lalata kansa. Duk makanike ya san haka. Ƙaramin inji, ko batura da inbata da faifan sola a rufin, sun isa su riƙe gwaji da ɗakin shiri da teburin sauti. Ba na cewa sola za ta ɗauki na'urorin sanyaya babban zaure a daren wasa, wanda ya ce muku haka yana da abin sayarwa ne. Amma awannin gwaji sun ninka na wasa sau da yawa, kuma a nan man yake tafiya.

Fitilun ma haka. Tsohuwar fitilar dandamali mai ƙwan zare, irin wadda muka tashi muka gani, wat 1,000 take ci ita kaɗai. Rataya 40, ka tashi da kilowat 40, kuma mafi yawansa zafi yake zama, ba haske ba. Sai ka sake ƙona wani man don na'urar sanyi ta kore zafin da ka saya da kuɗinka. Fitilar LED mai irin wannan aiki ba ta cin ko rubu'in haka, kuma tana canza launi da kanta ba sai an manna mata leda mai kala da ke ƙonewa ana jefarwa ba. Sai dai a nan ina da ja. Masu arhar da suka cika kasuwa ba sa yi wa baƙar fata adalci. Na ga kyakkyawar 'yar wasa ta koma kamar an shafa mata toka a ƙarƙashinsu, na ga suna rawa a hoton bidiyo, kuma idan aka zo rage haske a hankali sai su ɗauke ɗif kamar an ɗauke wuta. Bayan shekara ɗaya sun mutu, sun zama wata sharar da ta fi katako illa. Masu haɗa haske da ke ƙin su ba gidadanci ke damun su ba. Maganin shi ne ƙungiya ta tara ƙwararrun masu haske su gwada iri-iri a kan fuskokin 'yan wasanmu, su faɗi waɗanda suka cancanta, a saya masu kyau a sa a rumbu ana haya, maimakon kowa ya sayi tarkacensa.

Akwai abu biyu da nake so a rage ko da ba a yi komai ba. Na farko farin soson nan mai ɓarewa, irin wanda ake tallafe talabijin da shi a kwali, wanda muke sassaƙa duwatsu da gumaka da adon bango da shi. Yana da sauƙin aiki, ba shi da nauyi, ni ma na sha amfani da shi, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma ba ya ruɓewa, ɗan bola jari ba ya ɗaukar sa don babu mai saye, kuma idan muna gurzar sa garin yakan bi iska ya ƙare a kwata. Gwamnatin Legas ta haramta robobin abinci da ake yi da shi tun Janairun 2024 saboda yadda suke toshe magudanan ruwa. Abin mamaki ne a hana mai sayar da shinkafa ɗan mazubi, mu kuma mu zubar da dutsen soso mai tsawon mutum biyu. Waya da buhu da takarda da sitaci suna yin dutse mai kyau, sun dai fi cin lokaci. Na biyu ledar banar talla. Ita dai tana samun gidan miji, don mai shayi yana rufe rumfa da ita, mata suna shanya barkono a kai. Amma wadda ta rage ƙona ta ake yi, hayaƙinta kuma guba ne. Ku ce wa masu ɗaukar nauyi a buga tambarinsu a kan abin da ba shi da kwanan wata, a yi amfani da shi baɗi.

Tunda na ambaci 'yan bola jari, ina roƙon a daina korar su kamar ɓarayi a daren lodi. Su ne ke raba ƙarfe da alminiyom da kwali daga sharar garuruwanmu, ba tare da kowa ya ba su albashi ba. A yi magana da shugabanninsu, a san waɗanda za su zo, a ware musu abin da ba zai shiga rumbu ba. Kashi 65 ɗin nan da Turawa ke fama su cimma, da waɗannan bayin Allah za mu iya wuce shi.

Duk lokacin da na je Samaru nakan leƙa gidan wasan Jami'ar Ahmadu Bello, wanda wani maginin Amurka, Steven Ehrlich, ya zana a tsakiyar shekarun 1970 aka gina da ƙasa bisa fasalin gidan Bahaushe, da ɗakuna zagaye da fili a tsakiya, sama a buɗe. Ɗalibai nawa suka koyi sana'ar nan a wurin ba tare da na'urar sanyi ba? Ba ina nufin a je a gina na ƙasa a bakin teku ba ne, damina ɗaya za ta cinye shi. Haka zana da asabari da kara, suna da kyau a dandamali kuma suna ruɓewa su koma ƙasa, amma wuta suke jira, ba a kusantar da su ga fitila mai zafi sai an yi musu maganin hana kamawa. Abin da nake nufi kawai, ba dole ne kowane wasa ya shiga akwatin da babu taga ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a Abuja da Kaduna da Kano da Jos, sararin Allah ya fi kowane zaure daɗin zama da yamma.

Su ma 'yan kallo akwai nasu, domin motoci ɗari biyar da suka tsaya a cunkoso suna ƙona man da ya fi na janareta. Jirgin ƙasan Legas da ya fara ɗaukar fasinja a Satumbar 2023 tsakanin Marina da Mile 2 yana da tasha a bakin gidan wasan Iganmu. A daidaita lokacin tashin wasa da jirgin ƙarshe, a rubuta a jikin tikiti. Wannan ko sisi ba zai ci ba.

Abin da nake tsoro shi ne wasiƙar nan ta haifi taron ƙara wa juna sani a otal, da ruwan roba a kowane tebur, a ƙare da dasa itace guda a gaban 'yan jarida, wanda babu mai ba shi ruwa bayan an watse. Ko kuma a kafa doka a ɗora wa kafinta da ɗan lodi, a ce su ware shara kashi-kashi cikin awa biyar ɗin nan dai, a kan kuɗin da. Idan haka za a yi, gara a bar mu yadda muke. Ku fara da wasa uku ko huɗu a Disamba mai zuwa, waɗanda furodusoshinsu suka yarda da kansu. A rubuta abin da ya shiga, sabo nawa tsoho nawa, a rubuta litar man da aka sha, a rubuta inda kowane abu ya tafi. A karanta a taronku na shekara kowa ya ji, har da abin da bai yiwu ba. Kuma idan za ku zauna a kan maganar, ku kira kafinta da mai haske da mai ɗinki da direban tifa su zauna a teburin, kada ku sa zaman washegarin tashin wasa, ranar barci muke.

Ƙofar nan da na tserar tana nan. Tun daga lokacin ta zama ƙofar kurkuku, ta zama ta asibiti, ta zama ta gidan wani attajiri, fenti ne kawai ke canzawa, kuma shi kansa furodusan da ya biya kuɗinta ya taɓa zama a layin gaba yana kallon ta bai gane ta ba. Ranar da kuka buɗe rumbun, ita za a fara rubutawa a littafi, kyauta na ba ku. Sai dai ku turo mota da yara biyu, tana da nauyi, bayana kuma ba kamar da ba.

Na gode da haƙurin karantawa. Allah ya ƙara girma, ya bar zumunci.

Naku,
Wani kafintan dandamali